Ranar da Jatau Ya Dasa Kansa a Fangali

Ku matso ku gyara zama, mai tari ta yi tarinta yanzu, don in na ɗauko zaren nan ba na son a tsinka mini shi.

A Kwarin Madaci an yi wata mata mai suna Tasalla, matar Jatau mai lambu. To, "mai lambu" ɗin nan suna ne kawai aka yafa masa, don kaf garin an san lambun gadon Tasalla ne daga ubanta. Shekararsu talatin da ɗaya tare, kuma gari bai taɓa wayewa ba su yi cacar baki ba. Maƙwabta har sun gaji da rabo. Ranar da aka ji gidan shiru ma, sai a leƙo a tambaya ko lafiya.

Abu uku uban Tasalla ya bar mata. Da rijiyar lambu mai jigo, da ɗan goran irin albasa wanda ya taho tun daga kakan kakanta, albasa ce ja wadda in aka soya ta a wannan unguwa sai a haɗiyi yawu a waccan. Na ukun kuwa magana ce. Ya ce mata, "Abin da ke ba da 'ya'ya a sama, kuɓewa, tumatir, kabewa, a shuka shi wata na girma, ya ja shi sama. Abin da ke kwanciya a ƙasa, albasa, rogo, dankali, a sa shi wata na raguwa, ya tura shi ƙasa. Amma kwana biyun nan da wata ke ɓuya, ba shi gabas ba shi yamma, ko tsinke kada a soka a fangali. Kwanakin masu ƙasa ne. Abin da aka dasa a cikinsu nasu ne, har da wanda ya dasa."

A shekarar da nake ba ku labari, irin albasa ya isa dashe daidai lokacin da wata ke raguwa. Maimakon Jatau ya dasa, sai ya ɗaura rawani ya tafi bikin ɗan ƙanensa. Bikin kwana ɗaya, mutumin nan ya share kwana biyar yana bin kwanukan tuwo. Ya dawo ya tarar da fangalin kowa ya yi kore shar, nasa kuwa ƙasa ce tsirara.

Da sassafe ya ɗauki fartanya. Tasalla na bakin murhu ta ce, "Malam, ka duba gabas da asuba? Babu wata fa. Ya shiga ɗaki."

"Ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure ma. Shi zai ci albasar ko ni?"

"Ka bari ya tsaya, ya cika, ya fara raguwa."

"Kwana goma sha bakwai ke nan! Iri ya tsufa a tsaye, ana yi mini dariya a dandali? Ke da ubanki, Allah ya ji ƙansa, kun mai da wata sarkin noma."

"Au, har da ubana? Da ka zauna gida ka bar tuwon biki, ai da ba mu kai nan ba."

Nan fa aka kaure. Daga ƙarshe Tasalla ta shiga zaure ta ɗauko kwandon irin, ta dangwara masa a gaba, ta ce, "Ungo, je ka dasa. Ƙasa ta haɗiye ka in huta."

Hantsi bai gama dubawa ba sai ga Kande, maƙwabciyarsu mai daddawa, ta faɗo gidan ba sallama, ɗankwali a hannu. "Tasalla! Fito, mijinki ya tsiro!"

Da ta isa lambu ta tarar da rabin gari. Ga Jatau tsaye a tsakiyar fangali na ƙarshe, ya gama dashe tsaf, amma ƙafafunsa sun nutse har idon sawu, ƙasa ta riƙe su gam. Ƙarti huɗu suka kama shi suka ja har ya yi ƙara, ko gezau. Aka kawo fartanya aka haƙa gefensa. Duk sara ɗaya sai ya ƙara yin ƙasa, ramin kuma ya cike da kansa. Liman ya ce a ajiye ƙarfe, ya zauna ya shiga addu'a.

Tasalla ta matsa gaba. Ta karya kara ta tsayar kusa da shi ba tare da ta soka ba, ta zauna tana kallo. Kafin azahar ƙasa ta kai ƙwauri. Ta auna da yatsu, ta yi lissafinta. In aka tafi a haka, gobe da magariba, daidai tsayuwar wata, ko hularsa ba za a gani ba.

Jatau ya dube ta, zufa na tsiyaya daga gemunsa. "To, ga shi bakinki ya kama ni. Sai ki huta."

"Rufe mini baki. Ko a rami ba za ka bar mutum ya yi tunani ba."

Abin da take tunawa kuwa wata magana ce da ubanta ya faɗa sau ɗaya tak, yana kwance ciwon ajali. Ya ce in ta ɓaci, ƙofar masu ƙasa tana cikin rijiyar lambu. A shiga a cikin guga, da sallama, ba tare da ƙarfe a jiki ba.

Ta koma gida ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta ɗaura ɗan goran iri a ƙugu, don ba ta taɓa yin nisa ta bar shi ba. Ta kira Kande bakin rijiya ta ce, "Riƙe mini jigon nan. In kuma kika kai labarin nan kasuwa kafin in dawo, ni da ke ne."

"Ni? Yaushe na taɓa kai maganar wani?"

Tasalla ta harare ta, ta yi bisimilla, ta shiga guga.

Rijiyar gaba uku ce, amma guga ya yi ta sauka, ya yi ta sauka. Ruwa ya buɗe kamar labule ya rufe a samanta, ko zanenta bai jiƙe ba. Ta ce, "Salamu alaikum, masu gida." Sai guga ya dire a kan yashi.

Wata ƙasa ce mai faɗi, babu rana babu gajimare, sai wani haske dishi-dishi kamar na goshin magariba. Da ta ɗaga kai, sai ta ga samaniyar wurin ƙasan lambunan duniya ce. Rogo na reto, dankali na reto, saiwoyi sun zubo kamar gashin da ba a kitse ba. Can tsakiyarsu kuma ga ƙafafu biyu na ɗan adam sun leƙo, da takalmin fata mai ɗinki a dunduniya. Ko a cikin dubu ta san kaushin nan, na Jatau ne. A ƙarƙashin ƙafafun wasu gajerun halittu sun kewaye da kwanduna, sun ɗaga kai, suna jira kamar masu jiran mangwaro ya faɗo.

Ta kama hanya da sauri. Ba ta yi nisa ba ta iske wata ƙofa ta saiwar kuka, a bakinta wani tsoho wanda tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, gemunsa saiwoyi ne farare, idonsa ɗaya a tsakar goshi.

Ya ce, "Ya ke 'yar adam, wa ya nuna miki hanya, me kuma kike nema a ƙasar da ba a gayyace ki ba?"

"Ranka ya daɗe, ubana ya nuna mini. Mijina nake nema, ga ƙafafunsa can."

"Wancan amfanin gonarmu ne, gobe za a girbe shi. Mai iko da shi Magajiyar Ƙasa ce, ba kuwa mai wuce ƙofar nan zuwa gare ta sai wanda ya san iri." Ya tura mata faifai cike da ƙwayoyi a gauraye. "Ki ware na wata mai girma dama, na wata mai raguwa hagu. Duk ƙwayar da kika saɓa, mijinki zai sauko taƙi ɗaya."

Hasken wurin bai isa ido ya tantance ba, ga idon Tasalla dama ya fara gajiya. Sai ta rufe shi ta sa yatsu. Mai santsi mulmulalle, kuɓewa, dama. Mai faɗi, kabewa, dama. Mai ɗan gashi-gashi, tumatir, dama. Mai yamutsattsen jiki, aya, hagu. Siriri mai ƙaiƙayi, karas, hagu. Baƙi mai kusurwa, albasa, hagu. Hannunta na gudu, zuciyarta na can wurin ƙafafun nan. Garin sauri ta haɗa da wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya ta jefa hagu.

Samaniya ta yi ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ƙasa ta zubo. Da ta waiga, gwiwoyin Jatau sun bayyana, masu kwanduna suka yi shewa.

Tsohon ya ce, "Alayyafo kika kai cikin albasa. Gaggawa ce ta kawo mijinki nan, ga shi kin biyo sawunta."

Tasalla ta goge hannu a zane, ta ci gaba ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Har faifai ya ƙare, saura ƙwaya ɗaya: gyaɗa. Ta kai hannu hagu, ta fasa. Ta kai dama, ta fasa. Tsohon ya zuba mata idon nan nasa ɗaya, ko ƙiftawa ba ya yi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan furenta a sama, 'ya'yanta a ƙasa. Ubana ba ya sa ta sai ranar sha huɗu, wata ya gama hawa bai fara sauka ba." Ta ajiye ta a tsakiyar faifai.

Tsohon ya matsa gefe. Saiwar kuka ta buɗe.

Bayan ƙofar wani kogi ne baƙi ƙirin, ba a hango ɗaya gaɓar. Duk ruwan da masu lambu ke zubawa a fangali ƙasa ta shanye, nan yake taruwa. A cikinsa matsattsaku ne, kowanne ya kai taɓarya, suna ɗago kai suna shinshina iska. A bakin ruwa ga wani ƙaton masaki, a cikinsa wata mace mai kunnuwa kamar faifai, suna motsi da kansu.

Ta ce, "Ya ke baƙuwa, ni ce mai fito. Ba na karɓar kuɗin wuri, ba na karɓar hatsi. Ladana labari ne wanda kunne bai taɓa ji ba. Shigo, ki biya a tsakiyar ruwa."

Tasalla ta ce a ranta, in dai labari ne ai an zo gidan sauƙi. Ta shiga. Da suka kai tsakiya mai fito ta ajiye sandar tuƙi ta karkato kunne.

Tasalla ta rage murya. "Kande maƙwabciyata, daddawar nan da ake yabonta da ita, ba ita ke yi ba. Daga ƙauyen uwarta ake kawo mata a ɓoye cikin buhun gero."

Ruwa ya ɓulɓulo ta gindin masaki ya rufe sawunta. Mai fito ta ce, "Na ji wannan tun bara. Matan garinku a bakin rijiya suke faɗa, rijiya kuwa kunnena ce."

"To mai unguwarmu, baƙin gemun nan nasa shuni ne, asalinsa ya fi auduga fari."

Ruwa ya kai mata ƙugu. Wani matsattsaku ya ɗora kai a bakin masaki, sanyinsa ya taɓa mata hannu. Mai fito ta ce, "Kayan mutane nauyi gare su, jirgina ba ya ɗauka. Saura miki ɗaya, 'yar adam."

Tasalla ta ɗaga goran iri sama kada ya jiƙe. Ta lalubi cikinta kaf, labarin kowa akwai, kuma duk an taɓa faɗa. Saura guda ɗaya, wanda ko ita ba ta so ta kalla.

Ta ce, "Sau biyu a shekarun baya mijina ya so ya yi dashe a kwanakin ɓuya. Sau biyun ina ɓoye kwandon iri a rumbu, in ce akuya ta cinye, ya yi faɗansa ya gaji. Yau ma da na so da na ɓoye. Da hannuna na miƙa masa. So na yi albasar ta lalace, gari ya yi masa dariya, ya zo ya ce Tasalla ke ce mai gaskiya. Shekara talatin da ɗaya ina jiran kalmar nan. Shi ya dasa, amma ni na ba shi."

Kunnuwan mai fito suka tsaya cak. Ruwan ya tsiyaye ta inda ya shigo, masaki ya taso fes. Ta ce, "Wannan sabo ne." Ta ɗauki sanda, tuƙi uku suka kai gaɓa.

Fadar Magajiyar Ƙasa ba gini ba ce, wani fili ne a ƙarƙashin saiwar wata giginya. A tsakiyarsa 'yan mata bakwai sun durƙusa kewaye da wata ƙwarya mai faɗin masussuka, suna cuɗa wani abu da toka da soso. Da Tasalla ta leƙa sai ta ga wata ne kwance a ciki, ya rame ya zama kamar yankan farce, suna wanke shi don fitar gobe. Can gefe Magajiya na zaune a kan turmi, doguwa, fatarta kamar ƙasar fadama bayan ruwa, tururuwa na kai da kawowa a kitsonta.

Tasalla ta zube ta yi gaisuwa. Magajiya ta ce, "Na san ki, jikar masu jan albasa. Gidanku kaka huɗu ba su taɓa saɓa mana kwana ba. Faɗi buƙatarki."

"Ranki ya daɗe, a ba ni mijina."

"Kwana ashirin da bakwai muka bar muku a kowane wata, muka riƙe biyu, ƙasa ta huta, wata ya yi wanka. An faɗa masa ko ba a faɗa masa ba?"

"An faɗa masa."

"To abin da aka dasa ba a mayarwa. Hukunci ne da ya girme ni."

Tasalla ta ɗaga kai. Ta dubi sama. Daga nan ma ana hango Jatau, yanzu har ƙugunsa ya sauko, ƙafafun na wutsil-wutsil. Sai bakin nan nata da bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba ya buɗe da kansa.

"Ranki ya daɗe, ba a mayarwa, gaskiya ne. Amma ana cirewa a sake dashe. Duk mai lambu ya san iri ba ya zama inda aka fara sa shi. Ban ce a mayar mini ba. A bar ni in canza masa fangali."

'Yan matan suka daina cuɗa. Magajiya ta dube ta, sannan ta yi wata dariya da ta sa rogo ya yi ta karo da juna a sama.

"Bakinki ya fi fartanyar mijinki kaifi. Na yarda da dashe. Sai dai hannu ba ya cire abin da duhu ya dasa, sai abin da sabon wata ya ja." Ta zaro wata farar ƙwayar duma daga kitsonta. "Ki soka wannan a gefensa a daidai lokacin da kika ga jinjirin wata da idonki. Da idonki na ce, ba da na wani ba. In kika riga shi ko da ƙiftawa ɗaya, duman zai yi ƙasa ya tafi da mijinki a take. In kuma wata ya faɗi ba ki gan shi ba, ya zama namu. Mai cire iri kuma yana barin wani a gurbinsa. Me za ki bari?"

Idon Magajiya na kan ƙugun Tasalla. Ta ci gaba, "Kaka huɗu muna jin ƙamshin albasar nan ta saman kanmu, ba mu taɓa ɗanɗanawa ba."

Tasalla ta dafe goran. Wanda ke fangali ya riga ya zama nasu, wannan ne ya rage a duniya. A cikinsa akwai hannun ubanta, da na kakanta, da sunan gidansu a kasuwanni bakwai. Ta ce, "A raba biyu, ranki ya daɗe."

"A raba mijin biyu?"

Ta kwance goran ta ajiye a gaban turmi. Ba ta sake kallonsa ba.

Aka nuna mata saiwar giginya, ta ƙulle ƙwayar duma a bakin zane, ta kama hawa. Ta hau har tafin hannunta ya sale, ta yi ta hawa. Da ta ɓullo sai ta ga kanta a gindin giginyar lambunsu, rana ta yi yamma liƙis. Ashe kwana guda cur ta yi.

Jatau kuwa saura kai. Ƙasa ta kai masa wuya, gemunsa shimfiɗe a kan fangali, an kafa masa 'yar rumfa, Kande na ɗiga masa ruwa da ludayi. Duk garin na nan, har da na ƙauyukan kewaye, don Kande ba ta iya riƙe bakinta ba. Tasalla ta durƙusa a gefensa ta faɗa wa Liman sharaɗin da ƙarfi, kowa ya ji. Ta tona ɗan rami da yatsa, ta riƙe ƙwayar a samansa, ta fuskanci yamma.

Sai ga wata masifar. Wani can hayin rafi ya cinna wa ciyawa wuta, hayaƙi ya tokare yamma baƙi ƙirin.

Rana ta faɗi. Ƙasa ta taɓa haɓar Jatau. Ya ce da wata 'yar murya, "Tasalla, soka mana."

"Ban gan shi ba."

"Ai ya tsaya, yau kwanansa ne! Hayaƙi ne ya rufe shi. Soka, don Allah don Annabi!"

"Yi shiru, ƙasa za ta shiga bakinka."

Ta kuwa shiga. Ta rufe leɓensa na ƙasa, ya dinga furzarwa. Mata suka fara salati. Wani dattijo ya ce, "Ke wace irin mace ce? Kina kallo zai mutu!" Wata ta ce dama ai ita ta yi masa baki. Tasalla ta ce a karyo mata hannun ganyen gwanda. Aka miƙo, ta tsinke ganyen, ta sa masa bututun a baki ta ce, "Ja numfashi ta nan, kuma kada ka cije."

Ƙasa ta rufe baki, ta rufe hanci. Saura idanu biyu, jajaye, suna kallonta.

Sai Kande ta daka tsalle tana nuna sama. "Ga shi can! Wallahi ga shi can, na gan shi!" Jama'a suka ɗauka, "An gani! An gani! Soka!"

Hannun Tasalla ya yi ƙasa da kansa har ƙwayar ta kusa taɓa rami. Ta tsaya. Ta bi yatsan Kande da kallo, ba komai sai hayaƙi. Ta dubi fuskar Kande, ta ga hawaye, ta ga kuma hancin nan yana motsi yadda yake yi duk ranar da ta ce ita ta dafa daddawarta.

Ta ce, "Kande, Allah ya saka miki da alheri, amma ƙarya kike."

Ta janye hannu. Ƙasa ta rufe idanun. Saura hula da bututun gwanda, yana fitar da wani sauti siriri, fii, fii.

Kowa na duban inda rana ta faɗi. Tasalla ta tuna tana yarinya a kafaɗar ubanta, yana ce mata a lokacin sanyi ba nan ake neman jinjirin wata ba. A miƙa hannu, a ɗora tafi ɗaya a kan inda rana ta nutse, a ɗan karkata hagu. Ta miƙa hannun da ya sale, ta auna, ta kafa tsofaffin idanunta a wurin, suna ruwa, ba ta yarda ta ƙifta ba. Hular ta fara nutsewa. Sautin bututu ya fara tsinkewa.

Iska ta ɗan motsa. Hayaƙi ya yage kamar tsohon zane, kuma a cikin yagewar ga shi nan, siriri, fari tas, sabon wanka.

"Bismillahi."

Ta soka ta rufe. Ƙasa ta yi gurnani. Wani koren tsiro ya fasa ta, ya yi kauri kamar igiyar rijiya, ya nutsa reshe biyu cikin fangali, ya miƙa kansa ya kama giginya ya dinga naɗewa yana hawa. Igiyar ta yi tauri. Hula ta fito, kai ya fito, kafaɗu suka fito da reshen duma naɗe a hammata, sai ji aka yi fat! kamar an tuge ƙatuwar albasa. Ga Jatau yana reto a jikin giginya, yana tari, yana tofar da ƙasa.

Sai dai masu ƙasa sun riƙe takalmin da wandon. Mata suka juya baya suna leƙe ta gefen mayafi, Liman ya cire rawaninsa ya miƙa.

Da aka sauko da shi aka zaunar, ya sha ruwa ludayi uku, ya dubi matarsa ya ce, "Kin daɗe."

"Wata nake jira. Shi da ya ce kwana biyu, kwana biyun ya yi, bai tsaya cin tuwon biki ba."

Jatau ya buɗe baki zai rama, sai idonsa ya sauka a ƙugunta, ya ga igiya babu gora. Ya dubi hannuwanta. Muryarsa ta sauka. "Ina irin Baba?"

"Na yi musaya da shi."

"Da me?"

"Da wani tsohon iri. Ba ya auki, ga ɗaci, ga taurin kai. Amma na saba da shi."

Jatau ya sunkuyar da kai. Kalmar nan da ta shekara talatin da ɗaya tana jira, wallahi bai faɗa ba, kada wani ya ƙara muku gishiri. Amma tun daga ranar, kullum asuba shi ke riga kowa fita ya dubi gabas, ya dawo ya tsaya a bakin murhu ya ce, "Yau ana sokawa ko ba a sokawa?" Jan albasar kuwa ta ƙare a Kwarin Madaci, sai wadda ake sayo irinta a kasuwa, lami kamar ruwa. In dai wata ya shiga ɗaki, wanda ya leƙa rijiyar lambun zai ji ƙamshin suya na tasowa daga ƙasa, Tasalla kuma ba ta bin ta wajen a kwanakin nan.

Washegarin abin, tun kafin kaji su sauko, aka jiyo su ta katanga, shi yana cewa ita ta jawo masa asarar wando, ita tana cewa dama wandon ya fi shi shekaru. Kande ta saki ajiyar zuciya ta ce wa mijinta, "Alhamdu lillahi, sun warke."

Nan na tuge ta da saiwarta, mai son lawashi ya biyo ni gida.